Ina Hujjarka? Muhawarar Matasa a Zamanin Jita-jita

Kusan duk wanda ya zauna a ajin sakandare a ƙasar nan ya san ranar muhawara. Akan jera kujeru a ɗakin taro, ɗalibai uku a dama, uku a hagu, alƙalai a tsakiya, ga wani can gefe riƙe da ƙararrawa yana duban agogo. Mai magana ya miƙe ya gai da shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci da abokan karawarsa, sannan ya shiga kare cewa malami ya fi likita amfani, ko makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo. A yi tafi, a raba kyautar littafi da biro, kowa ya kama gabansa. Da yawanmu mun ɗauki abin a matsayin nishaɗin ƙarshen zango, kuma a makarantu da dama bai wuce hakan ba. Amma a cikin wannan tsohuwar al'ada akwai horon da al'ummarmu take matuƙar buƙata a yau, in har mun gyara yadda muke yin ta.

Bari mu fara da fahimtar abin da ake nufi. Muhawara ita ce a ɗauki batun da masu hankali za su iya saɓani a kansa, a tsara shi a jimla ɗaya da ake kira ƙuduri, a raba masu magana gida biyu, masu goyon baya da masu suka, a ba kowane ɓangare lokaci daidai da na ɗan'uwansa, sannan waɗanda ba su da ɓangare su yanke hukunci bisa ƙa'idar da aka sanar tun farko. A gasar muhawara ta makarantun duniya, wadda aka fara a Ostareliya a 1988, mutum uku ne ke magana a kowane ɓangare, kowa na da minti 8, kuma abokin karawa yana iya miƙewa a tsakiyar jawabinka ya nemi izinin jefa maka gajeriyar tambaya. Ba kai ke zaɓar ɓangaren da za ka kare ba, masu shirya gasa ne ke ba ka. Waɗannan ƙa'idoji ne suka raba muhawara da gardamar da muka saba yi a majalisa ko teburin mai shayi. A muhawara tilas ka yi shiru har ɗan'uwanka ya kai aya. Tilas ka amsa abin da ya faɗa, ba abin da ka so a ce ya faɗa ba. Kuma duk maganar da ka yi, akwai wanda ke zaune yana jiran ya tambaye ka inda ka samo ta.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce tushen komai, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta yi umurni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da mutane bisa rashin sani a dawo ana nadama. Malaman hadisi sun gina ilimi sukutum a kan tambayar wa ya ji daga wa, kuma yaya amanarsa da ƙarfin haddarsa. A tarihin ƙasarmu ma, lokacin da saɓani ya shiga tsakanin jagororin jihadin Sakkwato da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Borno, sun yi musayar wasiƙu, kowa na kawo hujjarsa. Muhammadu Bello, da ya zo rubuta littafinsa Infaƙul Maisuri, ya sanya har da wasiƙun al-Kanemi masu sukar ɓangarensa, ya bar mai karatu ya ga abin da aka tuhume su da shi da amsar da suka bayar. Samun mutumin da zai adana hujjar abokin hamayyarsa a cikin littafinsa a yau ba ƙaramin aiki ba ne.

Siyasar Arewa ta zamani ma a zauren tattaunawa ta yi rarrafe. A farkon shekarun 1940, wasu matasan ma'aikata da malaman makaranta a Bauchi, cikinsu har da Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, suna haɗuwa a wani zaure suna tafka muhawara kan ilimi da ci gaba da salon mulkin Turawa ta hannun sarakuna. Aminu Kano a lokacin bai kai shekara 25 ba. Da tambayoyin suka fara taɓa mulkin En'e kai tsaye, zauren bai yi nisan kwana ba. Amma waɗanda suka yi horo a cikinsa sun fito da ra'ayoyi mabambanta, kuma sun iya kare su: Aminu Kano ya jagoranci jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Zauren bai mayar da su masu ra'ayi ɗaya ba, kuma ba wannan ne aikinsa ba. Ya koya musu yadda ake saɓani da hujja a gaban jama'a.

To me ya sa batun ya zama na gaggawa yanzu? Jita-jita dai tsohuwa ce. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, tana cikin dalilan kafa ta magance raɗe-raɗin da ke yawo a gabanin yaƙin duniya na biyu. Abin da ya sauya shi ne gudu. Labarin da a da sai ya bi ayarin fatake ko ya jira ranar kasuwa, yau kafin a idar da sallar isha ya shiga zaurukan WhatsApp na dangi da na masallaci da na tsofaffin ɗalibai. A watan Agustan 2014, bayan Ebola ta shigo Legas, saƙo ya bazu cikin dare cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na kare mutum. Mutane sun tashi iyalansu tun kafin asuba, sun bugo wa 'yan'uwa na nesa waya. An kwantar da mutane da dama a asibiti, an kuma ba da rahoton rasuwar aƙalla mutum biyu. Babu wanda ya tura wannan saƙo ga mahaifiyarsa don ya cutar da ita. Ƙauna ce da tsoro suka tura shi. A 2018 labarin cewa Shugaba Buhari ya rasu an maye gurbinsa da wani Jibrin daga Sudan ya yi ƙarfin da sai da shugaban da bakinsa ya ƙaryata shi a watan Disamba, yana ziyara a ƙasar Folan. A 2018 ɗin dai, binciken BBC kan rikicin Filato na watan Yuni ya nuna yadda aka yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook, wasunsu ba ma a Nijeriya aka ɗauke su ba, kuma 'yan sandan jihar sun ce hotunan sun taimaka wajen rura wutar ramuwar gayya.

Masu bincike na jami'ar MIT da ke Amurka sun bi diddigin labarai kusan 126,000 da suka yawata a Twitter, suka wallafa sakamakon a 2018. Sun gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya damar a sake tura shi da kashi 70 cikin 100, kuma mutane ne suka fi yaɗa shi, ba na'urori ba. Dalili a fili yake: ƙarya takan zo da abin mamaki ko abin tsoro ko abin fushi, gaskiya kuwa sau da yawa lami ce. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin kwamfuta masu iya kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, ta yadda za a sa malami ko ɗan siyasa ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. A inda saƙon murya ya fi rubutu tasiri, kamar wurinmu, wannan ba ƙaramar barazana ba ce.

Akwai misali ɗaya da ya kamata mu tsaya a kansa, domin yana nuna ainihin inda muhawara ke da amfani. A 2003 wasu jihohin Arewa, Kano a kan gaba, sun dakatar da ɗigon rigakafin shan-inna saboda zargin cewa an sa masa abin da ke hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan gwaje-gwaje da sayo maganin daga Indunusiya. Daga nan cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, yara da dama suka nakasa, kuma sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Yana da sauƙi a ce jahilci ne kawai, amma wanda ya faɗi haka bai san Kano ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200 a Kano; 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Saboda haka shakkar mutane tana da tushe. Matsalar ita ce an ɗora ƙarya a kan gaskiya, aka haɗa su aka miƙa wa jama'a a dunƙule. Wanda ya yi horon muhawara ya saba da warware irin wannan ƙulli. Zai ce: maganarka ta farko gaskiya ce, an yi Trovan, kuma abin takaici ne; amma ita ba ta tabbatar da ta biyu ba, ina hujjar cewa wannan ɗigon yana hana haihuwa? Iya raba magana gida-gida, a karɓi wadda ta tabbata a ajiye wadda ba ta tabbata ba, shi ne abin da ya fi ƙaranci a zaurukanmu, kuma shi ne abin da mai muhawara ke yi duk mako.

Akwai masu aikin tantance labarai a ƙasar nan, irin su Dubawa da Africa Check, ga kuma cibiyar CITAD a Kano da ta daɗe tana sa ido kan kalaman ƙiyayya a intanet. Aikinsu na da muhimmanci, sai dai a bayan ƙarya suke tafiya. Kafin su gama bincike su wallafa, saƙon ya riga ya isa ƙauye, kuma gyaran ba ya bin duk hanyar da ƙaryar ta bi. WhatsApp ya rage yawan wuraren da za a iya tura saƙo lokaci guda zuwa biyar a 2019, ya kuma sa alama a kan saƙon da aka yi ta turawa, amma wannan rage gudu ne kawai. Doka ma tana da iyaka, kuma dokar da aka yi don kama maƙaryaci takan iya zama igiyar ɗaure ɗan jarida. Abin da ya rage shi ne mutumin da saƙon ya faɗo wa a waya, da 'yan daƙiƙun da ke tsakanin karantawa da turawa. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, William McGuire, ya nuna tun a farkon shekarun 1960 cewa wanda aka taɓa gabatar masa da raunanniyar hujjar ɓata, aka kuma sa shi ya rushe ta, ya fi jure wa mai ƙarfi idan ta zo, kamar yadda allurar rigakafi ke shirya jiki kafin cuta. Yaron da ya shafe shekara uku yana gano inda abokin karawarsa ya yanke magana, ko ya kawo adadi marar tushe, ko ya bar batu ya koma sukar mutum, zai gane waɗannan dabaru idan sun zo masa a saƙon murya.

Bayan batun jita-jita, fanni na biyu da muhawara ke da amfani shi ne shiga harkokin ƙasa. A zaɓen 2023 hukumar INEC ta yi wa mutum miliyan 93.4 rajista, kusan kashi 40 cikin 100 matasa ne 'yan shekara 18 zuwa 34, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su wuce kashi 27 cikin 100 ba. Tun 2018 aka rage shekarun tsayawa takara: majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. An buɗe ƙofa ke nan, amma shiga sai da shiri. Matasanmu ba su rasa sha'awar siyasa ba. Duk wanda ke sauraren rediyo a Kano da daddare ya san haka. Sai dai irin rawar da aka fi ba su ita ce ta sojojin baka, a kare maigida a kowane hali, a ci mutuncin abokin hamayyarsa, ko ta riƙe tuta a ranar gangami. Muhawara tana koyar da wata rawa dabam. Ɗalibar da aka ce ta kare ko ta soki hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, dole ta gano yadda ake rabon arziƙin ƙasa, mene ne asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wa ke biyan albashin malaman firamare. Cikin mako ɗaya za ta san abin da darasin zama ɗan ƙasa na gari bai cusa mata ba a zango guda, domin a nan tana neman ilimin ne don ta yi aiki da shi ranar muhawara a gaban mutane. Kuma wanda ya san aikin kansila da na ɗan majalisa ya san wanda zai tambaya idan rijiyar burtsatse ta lalace.

Sai dai fa kada mu ɗauka muhawara maganin komai ce. Tana da haɗarinta, kuma ɓoye shi ba zai amfane mu ba. Wasu masana tattalin arziƙi uku sun yi nazari a manyan gasannin muhawara na ƙasa da ƙasa, suka wallafa a 2022. Sun gano cewa masu muhawara, duk da sun san ƙuri'a ce ta ba su ɓangare, sukan karkata ga gaskata cewa ɓangaren nasu ne ke da gaskiya. Wato mutum yakan shawo kan kansa a yayin da yake shirin shawo kan wasu. Ban da haka, wanda ya ƙware a iya magana ba tare da tarbiyyar gaskiya ba, mun ƙera maƙaryacin da ya fi na da iya aiki ne kawai. Saboda haka yadda ake yin muhawarar ya fi yawan yin ta muhimmanci, kuma a nan ne makarantunmu ke da gyara.

A yawancin makarantu malami ne ke rubuta jawabin, ɗalibi ya haddace, ya zo ya zazzago. Wanda ya fi ɗaga murya da jero manyan kalmomin Turanci shi ke lashe kofi. Ba a sauraren abokin karawa, tunda amsar ma an riga an haddace ta tun kafin a ji abin da zai faɗa. Batutuwan kuma su ne dai na shekara arba'in da suka wuce: uwa ko uba, malami ko likita, birni ko ƙauye, waɗanda ba sa buƙatar a buɗe ko da littafi ɗaya. Irin wannan tana koyar da ƙarfin halin tsayawa gaban jama'a, kuma wannan ma riba ce, amma ba ta koyar da tantance magana. Sannan ga batun harshe, wanda a ganina shi ne babba. Ƙaryar da ke cutar da mu da Hausa take zuwa. Idan yaro ya koyi neman hujja da Turanci kaɗai, zai ɗauka abin na aji ne da jarrabawa, ya bar shi a bakin ƙofar makaranta. A ci gaba da yi da Turanci don amfaninsa, amma a ba muhawarar Hausa matsayi da kyauta daidai da ta Turanci, domin da Hausa zai yi magana da mahaifiyarsa da abokansa da limamin unguwarsu.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, malami mai himma ɗaya ya isa ya fara. A ba da ƙuduri mako guda kafin ranar, a jefa ƙuri'ar ɓangare, a bar yara su yi binciken da kansu. A zaɓi batun da ya shafi rayuwarsu: ko a hana tallace-tallacen yara a lokacin makaranta, ko cire tallafin man fetur da aka yi a watan Mayun 2023 ya dace, ko a wajabta gwajin jini kafin aure, ko a hana ɗalibai riƙe waya. Duk adadi ko labarin da mai magana ya kawo, ya faɗi wa ya faɗa, yaushe, a ina. Alƙalai su ba hujja maki fiye da zaƙin baki, su kuma rage makin wanda aka kama da adadin da ya ƙirƙira, ko da ya fi kowa iya magana. Kafin mutum ya rushe hujjar abokin karawarsa, a sa shi ya maimaita ta a taƙaice har mai ita ya yarda cewa haka ya ce. Wannan ƙa'ida ɗaya tana kashe rabin gardamar banza. Mako na gaba a juya, masu goyon baya su koma suka a kan ƙuduri ɗaya, don kada kowa ya manne wa ɓangaren da ƙuri'a ta ba shi. Bayan an sanar da sakamako kuma, a ware minti goma a zauna ba alƙali ba maki, kowa ya faɗi ainihin ra'ayinsa da hujjar ɗaya ɓangaren da ta fi girgiza shi. A nan ne yaro ke koyon cewa faɗin "ka fi ni gaskiya a wannan" ba faɗuwa ba ce.

Akwai abubuwa biyu da bai kamata a sa a teburin muhawarar yara ba. Na farko, abin da bincike ya riga ya tabbatar. Ba a raba aji biyu a ce wasu su kare cewa ruwan gishiri na maganin Ebola, domin yin haka yana nuna wa yara kamar gaskiya da ƙarya tsara ne. Irin wannan sai dai a kawo shi a matsayin darasin bincike: ga saƙo, ku gano daga ina ya fito, ku nemi asalin hoton ta manhajar Google Lens, ku duba ko wata kafa mai suna ta ɗauki labarin. Muhawara ta dace da tambayar me ya kamata a yi, inda masu gaskiya ke iya saɓawa. Na biyu, saɓanin aƙida da fifikon wata ƙabila a kan wata. Waɗannan suna da masanansu da wurarensu, kuma mun ga abin da sukan haifar idan suka faɗa hannun da bai ƙware ba.

Iyaye da yawa suna fargabar cewa muhawara za ta sa yaro fitsara, ya riƙa mayar wa manya magana. Fargabar tana da dalili, domin girmama na gaba ginshiƙi ne a tarbiyyarmu. Amma idan aka duba da kyau, ƙa'idar farko da muhawara ke koyarwa ita ce kada ka katse mai magana, ta biyu kuma ka soki magana ka bar mai ita. Yaron da ya sami wannan horo, idan kawunsa ya turo labarin bogi a zauren dangi, ba zai kunyata shi a gaban kowa ba. Zai bi shi ta gefe ya ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, na duba hoton nan na ga kamar tun shekarun baya yake yawo, kuma a wata ƙasa aka ɗauke shi, ko za a sake dubawa?" Mu kuma manya, idan ɗanmu ya ce "Baba, a ina aka samo wannan labarin?", amsar da muka ba shi ita za ta nuna masa ko tambaya laifi ce. Idan mun ce "ban bincika ba, zo mu duba tare", mun koya masa abin da makaranta ba za ta iya ba. 'Yan mata kuwa kada a bar su a layin masu tafi. Uwa ce ke tsaye a bakin ƙofa ranar da masu rigakafi suka zo, ita ce kuma ake fara tura wa tallar maganin da ba a san asalinsa ba. Makarantun Islamiyya, inda 'yan mata suka fi yawa kuma iyaye suka fi sakin jiki, wuri ne da ya dace da wannan horo ƙwarai.

Miliyoyin matasanmu ba sa makarantar boko, kuma ba su fi kowa tsira daga jita-jita ba. Amma suna da wuraren zamansu: majalisun unguwa a Kano da Katsina da Gusau, fadojin shan shayi a Damagaram da Maraɗi da Yamai, ƙungiyoyin masu Keke Napep da masu gyaran waya. A nan ana tafka gardama kullum, abin da babu shi ne tsari. Matashi ɗaya mai agogon waya zai iya cewa yau kowa minti uku, ba katsewa, kuma duk wanda ya ce "an ce" sai ya faɗi wa ya ce. Gidajen rediyo sun riga sun nuna cewa jama'a na son jin saɓanin ra'ayi; shirin Ra'ayi Riga na BBC Hausa da zaurukan tattaunawa na Studio Kalangou a Nijar shaida ne. Tashoshinmu na jihohi da masu zaman kansu, waɗanda ke sayar da sa'o'i ga sojojin baka, za su iya ware rabin sa'a a mako ga muhawarar makarantu da Hausa, da alƙalin da zai bayyana wa masu sauraro dalilin da ya sa wannan hujja ta tsaya waccan ta faɗi. Bayanin alƙalin nan shi ne darasin da zai isa gidajen da ba su da ɗa a makaranta.

Hukumomin ilimi na jihohi kuma aikinsu bai wuce su sa sa'ar muhawara a jadawalin mako ba, su horar da malami ɗaya ko biyu a kowace makaranta kan alƙalanci, su daina mayar da abin bikin shekara-shekara na ɗalibai shida da aka zaɓa. Ajin gaba ɗaya ya kamata ya riƙa zagayawa, har da mai in'ina da mai kunya. Sannan a haɗa muhawarar da ainihin hukuma. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ƙungiyar muhawara ta makaranta za ta iya rubuta irin wannan wasiƙa tana neman abin da aka ware wa gyaran azuzuwa a kasafin bana, ta yi amfani da amsar, ko rashin amsar, a matsayin hujja. A ranar muhawarar a gayyato kansilan mazaɓa ko sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya zauna ya saurara, a ƙarshe a ba shi minti biyar ya amsa tambayoyi uku da ɗaliban suka rubuta da hannunsu.